Darasin da Aka Yi wa Doki

Litinin, 7 ga Oktoba, da yamma

Yau ma Malama Lesieli ba ta zo ba. Tun ranar Alhamis da jirgin ruwa ya tashi ba wanda ya sake ganinta, ɗakinta na bayan makaranta kuma a garƙame yake. Shugaban makaranta ya shigo ajinmu ya ce ta tafi Nuku'alofa, babban birni, ganin likita. Mutumin da in yana magana sai ya ƙure ka da ido, yau rufin aji ya yi ta kallo har ya gama.

Jarrabawar adabi ranar ƙarshen wata ce. Ita ce kwalejin horar da malamai ta cocinmu ta ce sai na ci da kyau, fasto kuma ya shaide ni, kafin su ba ni gurbi. In na faɗi na san makomata: gefen Gwaggo Sela, ina saƙar tabarma har bayana ya lanƙwashe kamar nata. Ta ma riga ta nuna min inda zan zauna.

A babi na takwas na littafin adabin muka tsaya. Malama ta ce babi na tara shi ne zuciyar littafin, daga nan babbar tambaya take yawan fitowa: a nuna yadda zamani da al'umma suka sa mutanen labarin suka yi abin da suka yi. Ta ce sai mako mai zuwa za mu shiga shi. To ga mako mai zuwan ya zo.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

An kawo mana wanda zai maye gurbinta. Yaya Pauliasi ne.

Laraba, da yamma

Ɗazu ban iya rubuta fiye da haka ba.

Yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙananan azuzuwa yake koyarwa tun da ya dawo daga kwaleji bara, kuma duk tsibirin nan shi kaɗai ya rage da ya san littafin. Ya shigo da alli a hannu, idonsa ya faɗa kaina, ya yi sauri ya mayar ƙasa. Aji ya yi tsit, sannan wani daga baya ya yi tarin da ba na mura ba.

Heilala, ƙawata da bakinta ba ya da ƙofa, ta raɗa min, "Kalo, yau kam za mu sha kallo. Yayanki ne zai karanta mana abin da Taniela ya yi wa Vika, kina zaune?"

Na mintsine ta har sai da ta ce wash.

Amma gaskiya ta faɗa. Tun ina 'yar shekara goma aka mayar da shi bukkar samari a bayan gida. Ba ya shiga inda nake kwana, ba ma zama kan tabarma ɗaya, in wani ya saki maganar banza muna wuri guda, ɗayanmu ne zai tashi. Ban taɓa jin nauyin abin ba, don haka na taso na gani. Sai yau. Babi na tara kuwa ba komai ba ne illa wannan: Vika mai aiki a kanti ta samu juna biyu ba aure, an sa ta a jirgi an kore ta daga tsibiri, Taniela da kowa ya san shi ne mai cikin yana tsaye a bakin gaɓa bai ce uffan ba. Ta yaya zai buɗe baki ya faɗi haka ina cikin ɗakin?

Ya juya littafin, ya juya, ya ce, "Mu koma babi na ɗaya, mu yi bita."

Alhamis, 10 ga Oktoba, da rana

Jirgi ya zo, jirgi ya tafi. Ba ta ciki.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan an tashi daga coci

Wani abu yana yawo a garin nan, kuma ni kaɗai yake kauce wa. Na iske mata a bakin coci sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, ina isowa suka koma yabon furen da ke kaina. Fure ne da ya kwana ya yi yaushi. A cikin coci ba wanda ya kalli bencinmu, kuma rashin kallon ya fi kallo ciwo.

Gwaggo Sela ta biyo mu gida. Yayar Baba ce, kuma tun da Baba ya tafi aikin tsinkar 'ya'yan itace a Ostareliya maganarta ta ƙara nauyi, ita da dama ba a ja da ita. Mama ta buɗe tanderun ƙasa ta zaɓo mata mafi kyawun doya da ƙunshin ganyen gwaza. Gwaggo ba ta taɓa ba. Ta ce, "Kalolaine, je ki samo kwakwa."

Na ce, "Akwai tuli a bayan madafa, Gwaggo."

Ta ce, "Na bakin teku nake so."

Na tafi. Da na dawo idon Mama ya yi ja, Gwaggo kuma tana cin doyarta a natse. Abincin da aka kai wa Yaya bukkarsa ya dawo yadda aka kai shi.

Ba zan tambaya ba. Ba hurumina ba ne.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Bita, bita, bita. Mun sake babi na uku har na fara jin tausayin babi na uku.

Yaya ya cika allo da abin da ya kira zamanin littafin. Shekarun da maza suka yi ta tafiya masana'antun New Zealand suna barin gonaki. Dokar da ta ce ɗa namiji ne ke gadon fili. Ƙarfin coci a kan wanda za a tura karatu da wanda za a bari. Duk na haddace, ko a barci aka tashe ni zan zuba su. Amma a kaina suna gefe guda, Taniela yana wani gefen, ban san igiyar da zan ɗaure su da ita ba.

A jarrabawar gwaji na karanta babi na tara ni kaɗai na rubuta cewa Taniela matsoraci ne, na maimaita ta hanyoyi daban-daban har takarda ta cika. Malama Lesieli ta kira ni ta ce, "Kalo, kin iya yanke hukunci, alƙali ma sai haka. Amma ba a ce ki hukunta shi ba. Kin tambayi zamaninsa me ya sa?" Tana faɗa tana dariya. Daga baya ne ta daina dariyar nan, ta koma yawan fita daga aji tana riƙe da baki.

Wannan layin na ƙarshe bai kamata in rubuta ba. Na bar shi dai.

Alhamis, 17 ga Oktoba, lokacin tara

Sun taso min. Ina cin rogo a gindin mangwaro Heilala ta zo da 'yan aji a bayanta.

Ta ce, "Kalo, ke ƙawata ce, shi ya sa zan faɗa miki a gabanki. Saboda ke za mu faɗi gaba ɗaya. Mako biyu ya rage, muna nan muna ta zagaya babi na huɗu sai ka ce akuya a turke."

Na ce, "Ni na ce kar ya koyar?"

"Zamanki ne ya ce. Kuma ba don ke kaɗai yake tsallake babin ba, ai kowa ya san..."

Na ce, "Kar ki ƙarasa."

Ba ta ƙarasa ba. Ta rufe bakinta da hannu, ita da kanta ta tsorata da inda harshenta ya nufa. Sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye rogon.

Jirgi ya zo, jirgi ya tafi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Da aka buga ƙararrawar darasin adabi na tattara littattafaina na fita. Ban nemi izini ba, shi ma bai kira ni ba. Mun wuce juna a bakin ƙofa, ya matsa gefe sosai kamar yadda ya saba. Na je can ƙarshen fili inda ko sautin murya ba ya kaiwa na zauna.

Yau ya koyar da babi na tara. Ban da ni.

Heilala ta kawo min abin da ta rubuta don ta wanke laifinta. Ga shi duka: "Taniela ya yi shiru saboda al'ada." Na ce, "Shi ke nan? Awa guda yana magana?" Ta ce ai ya faɗi abubuwa da yawa, amma yadda muryarsa take ne ya hana ta rubutu, kowa kansa a ƙasa. Na ce Allah ya saka da alheri, da wannan kam har jami'a zan wuce.

Haushi nake ji, ban ma san na wa ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Ina ƙarshen fili. Tururuwa sun fi ni sanin inda suka dosa.

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma

Na yi ƙarfin hali na je wurin Gwaggo Sela. Ita kaɗai ce in ta ce in zauna a ajin ba mai cewa an yi abin kunya. Na iske ta tana saƙa, na zauna nesa na sunkuyar da kai na faɗi abin da ya kawo ni.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki zauna ki ji maganar ciki daga bakin yayanki? Ina raye?"

Na ce, "Littafi ne fa, Gwaggo."

Ta ce, "Littafi." Ta ja ganyen saƙa ta matse shi da ƙarfi. "Ina ma littafi ne kawai."

Na ce in ban ji darasin ba zan faɗi, in na faɗi kuwa gurbin ya tafi.

Ta ce, "Gurbin naki nake tsarewa, ke ba ki sani ba. Jarrabawa kaɗai kike gani. Kin manta sai fasto ya ce 'yar gidan mutunci ce? Na riga na faɗi abin da za a yi, wanda na faɗa wa kuma ya ji. Don ke aka yi."

Na ce, "Don ni aka yi me?"

Ta ce, "Miƙo min wuƙar can."

Na miƙa mata. Na zauna ina tsaga mata ganye har rana ta yi sanyi. Yatsuna sun iya aikin fiye da yadda nake so.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da rana

Jirgi ya zo. Daga tudun makaranta na hango Yaya a bakin gaɓa riƙe da igiyar Kapiteni, tsohon dokinmu. Ba kaya ya je ɗauka ba, ba kowa ya je tarba ba. Yana nan tsaye har jirgin ya zama ɗigo. Na juya kafin ya juyo.

Asabar, 26 ga Oktoba, da la'asar

Bari in rubuta wannan yanzu kafin ya zube daga kaina.

Ina bayan madafa ina kankare kwakwa. Dangar ganyen kwakwa ce tsakanina da inda ake ɗaure Kapiteni. Na ji an zo an fara goge masa jiki, na san tafiyar, na yunƙura zan tashi. Sai na ji Yaya ya ɗaga murya fiye da yadda doki yake buƙata.

"Kapiteni, tsaya ka ji. Kai ma an ce jarrabawa gare ka, kuma ka cika taurin kai."

Na koma na zauna. Hannuna ya ci gaba da kankara don kar shirun ya tona ni.

Ya ce, "Kai da ka ce Taniela matsoraci ne, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma buɗe littafin ka ƙirga waɗanda ke tsaye a bakin gaɓa ranar. Wa ke bayansa?"

Kapiteni ya yi atishawa.

"A'a, ba uwarsa ba. Dubi da kyau. Ƙanwarsa ce, Luseane, riƙe da lema. Sau nawa ta fito a littafin? Kaɗan. A ina ka fara ganinta? Tana gwada farar riga, coci za su tura ta koyon aikin jinya. A zamanin da samari duk sun tafi ƙetare, fili na ɗa namiji ne, mace ba ta da komai sai sunan gidansu. Wa ke ba da gurbin karatu? Coci. Me coci ke dubawa? To in ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce cikin nasa ne, rigar wa za a karɓe?"

Kankarar ta tsaya da kanta. Na tilasta wa hannuna ya ci gaba.

"Marubuciyar ba ta ce don ita ya yi shiru ba, ko sau ɗaya. Ta dai tsayar da ita a bayansa. Aikinka ke nan, doki: abin da ke kan allo ka nemo shi a jikin mutum. Doka ba ta zama a allo, tana zuwa ta tsaya a bayan mutum da lema."

Na ji burushi yana tafiya a wuri ɗaya.

"Kuma kar ka kuskura ka rubuta cewa ya yi daidai. Ba a tambaye ka ba. Ka rubuta abin da ya ɗaure masa baki. Sannan ka rubuta wadda aka bari ta biya ita kaɗai. Ita kar ka manta da ita. Kowa mantawa yake yi."

A nan muryarsa ta karye. Ya ce wa dokin ya matsa, alhali dokin bai motsa ba. Sannan na ji tafiyarsa ta yi nisa.

Na kankare kwakwar har ɓawo, sai da Mama ta zubar da rabi.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da rana

Ba a karatu ranar Lahadi. Ban buɗe littafi ba, shi ne ya ƙi rufuwa.

Talata, 29 ga Oktoba, da safe kafin makaranta

Jiya na gwada amsa tambayar. Alƙalami ya yi ta gudu, komai ya sami wurin zamansa: masana'antu, fili, coci, farar riga. Ban taɓa rubutu mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa gama rubutu raina a ɓace haka ba.

Na koma babin na duba. Lemar tana nan. Sau nawa na karanta shafin nan ban gan ta ba. Wani abu kuma da Yaya bai faɗa wa doki ba: duk littafin ba wanda ya tambayi Luseane ko tana so a yi mata wannan shirun. An dai miƙa mata lema an ce ta tsaya.

Ina son gurbin nan. Allah ya sani ina so, balle in na tuna tabarmar Gwaggo. Ba zan yi ƙaryar cewa ba na tsoro ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, da almuru

Na yi.

Na jira har na ga ya zauna a ƙofar bukkarsa yana gyaran fitila. Na ɗauki bokitin ruwa na kai wa Kapiteni, na ba bukkar baya.

Na ce, "Kapiteni, na gode da darasi, ya shiga. Amma akwai inda malaminka ya rage." Na ji ƙarar gilashin fitila ta tsaya. "Ka faɗa wa mutumin cikin littafi cewa mai lemar ta gaji da riƙo. Karatun da za a gina a kan kukan wata, ba ta so. In ta ci, da kanta ta ci. In an hana ta, ta san hannun da ya hana, ba nasa ba ne." Na ajiye bokitin. "Kuma gobe Alhamis. Ko doki ya san ranar jirgi."

Na daɗe ina shafa wuyan dokin. Da na juyo ƙofar bukkar a rufe take, fitilar tana waje ba a kunna ba.

Ban san ko na gyara ba ne ko na rushe gidanmu.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da sassafe

Ban iya cin komai ba. Mama ta ɗaure min gashi ta ja da ƙarfi kamar kullum. Ba ta san abin da na yi ba.

Alhamis, da yamma

Yana bakin ƙofar makaranta tare da sauran malamai lokacin da muke shiga, sanye da tabarmar girmamawa da yake ɗaurawa a ƙugu in za shi coci, a ranar da ba Lahadi ba. Bai kalle ni ba. Da na zo wucewa ya ce wa Heilala, "Ki faɗa wa 'yan ajinku su karanta tambaya sau biyu." Heilala ta ce, "Sun ji, Malam," tana take min ƙafa.

Tambayar ta fito. Babi na tara, kusan kalma da kalma yadda Malama Lesieli ta ce.

Ina tsakiyar shafi na biyu, daidai wurin farar riga, jiniyar jirgi ta yi kuka. Duk ɗakin ba wanda ya ɗago sai ni. Taga ba ta kallon teku. Na mayar da kaina na ci gaba, na rubuta abin da ya ɗaure masa baki, na rubuta wadda aka bari ta biya. Ban manta da ita ba, ita na ba shafi na ƙarshe gaba ɗaya.

Da na dawo gida Gwaggo Sela tana zaune a tsakar gida, Mama tana tsaye kamar an dasa ta. Ba wanda ya tambaye ni yadda takarda ta kasance. Muna nan sai ga Kapiteni ya shigo ta hanyar bakin teku, shi kaɗai, an naɗe masa igiyarsa a wuya da kyau don kar ya taka.

Yaya ya bi jirgin zuwa wurin Malama Lesieli ke nan. Mama ta zauna a ƙasa. Gwaggo ta dubi dokin, ta daɗe tana dubansa, sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Wa ya ba shi izini?"

Na ce, "Wadda aka yi domin ta, Gwaggo."

Na jira mari, ko abin da ya fi mari. Ta ce, "Kin rubuta jarrabawar?"

"Na rubuta."

"Da kyau, ko irin na Heilala?"

"Da kyau."

Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta ce in ba dokin ruwa. Sannan ta ce gobe da safe ita da kanta za ta je gidan fasto kafin wani ya riga ta, in fito mata da tsohuwar tabarmar ƙugunta ta kakanni, wadda ba ta ɗaurawa sai za ta yi maganar da ba a musa mata.

Ban san abin da za ta faɗa masa ba. Na fito da ita, na kakkaɓe, na rataye a inda za ta gani.